Lambar Tsohon Rufi

A duk faɗin nahiyar nan babu wanda ƙasashe masu harba ƙarafa sama suke shakka kamar Mai-agogo. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba a san shi da ƙarya ba. Gaskiya ne babu ƙasar da ta taɓa aiko masa da takarda, ko ta gargaɗi ko ta gaisuwa, amma a wajensa shirun ma hujja ne. Matarsa, wadda ta shekara talatin da shida tana wanke masa kwano, ta ce ita dai ba ta ga mai tsoronsa ba in ban da ƙadangarun kan rufi, su ma ɗin sai in ya hau da kujera.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, taku uku a tsaye, biyu a kwance. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da kwalaben magani da ya cika da sukurori ƙanana kamar yashi. Da can layi ake yi a ƙofarsa. Da waya ta shiga hannun kowa, sana'ar ta koma canza batir da huda madauri, shi kuwa ya karɓi abin kamar yadda ake karɓar ciwon gwiwa. Da ma shagon na neman abinci ne. Aikinsa na gaske sai rana ta faɗi.

Wani mai awon filaye ne ya jefa shi cikin harkar, shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Ya kawo gyaran agogon dannawa, irin wanda ake auna gudun 'yan tsere da shi, hira ta yi daɗi, ya bi shi har gida. Bayan magariba suka hau rufin siminti na gidan hayar da Mai-agogo yake zaune, mutumin ya nuna masa wani ɗigon haske yana tafiya tsakanin taurari, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Ya ce wannan tauraron ɗan Adam ne. Ba shi da hasken kansa, na rana yake ara, shi ya sa ba a ganinsa sai ƙasa ta yi duhu alhali can sama rana tana dukansa: awa ɗaya ko biyu bayan faɗuwar rana, sai kuma gab da asuba. Saboda haka Mai-agogo, wanda maƙwabta suke wa kallon mai kwana da taurari, ƙarfe tara ta yi masa a gado.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana aiko maka da hasashen inda abin zai bi. Ka duba taswirar taurari, ka zaɓi biyu da zai ratsa tsakaninsu, ka ɗora madubin hangen nesa a ido, ka jira. Da ɗigon ya yanke layin da ke tsakanin taurarin nan biyu, ka danna agogo. Ka daidaita da ƙarar lokaci ta rediyo, ka rubuta sakan da ɓurɓushinsa, ka aika. Masu karɓa wata ƙungiya ce ta 'yan sa-kai da ke warwatse a duniya, waɗanda in aka tara su duka ba za su cika motar haya ɗaya ba. Babbansu wani tsohon malamin lissafi ne a wata ƙasa mai sanyi. Shi yake haɗa rahotannin ya fitar da hanyar kowane tauraro, musamman waɗanda masu su ba sa son a san inda suke bi. Mai-agogo bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mai-lissafi yake ce masa.

Kowane mai kallo yana da lamba. Sai dai lambar ba ta mutum ba ce, ta wuri ce, domin lissafin ba ya yiwuwa sai an san daidai inda idon ya tsaya. Mai awon filaye ya kafa na'urarsa a rufin, ya auna wurin har taku, Mai-agogo ya sa jan fenti ya zana alama inda ƙafar kujerarsa za ta zauna. Aka ba alamar nan lamba. Duk wanda ya sauya wuri, sabuwar lamba ake ba shi, ƙidayar rahotanninsa ta fara daga ɗaya.

A shekara ta uku Mai-lissafi ya rubuto cewa kuskuren yatsan Mai-agogo bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, kuma ba shi da na biyu a ƙungiyar. Mai-agogo ya buga saƙon a takarda, ya sa aka lulluɓe ta da roba, ya rataye a shago. Masu zuwa canza batir suna ɗauka lasisi ne.

Rahotanninsa sun kai dubu tara da ɗari shida da sha biyu ranar da ya faɗo daga tsani. Kujerar ce ta maƙale a matakin sama, ya ja, ta biyo shi. Ƙashin ƙugu ya karye. 'Yarsa, wadda take aikin jinya a asibiti kuma ta saba ba da umarni ga masu kwance, ba ta nemi shawarar kowa ba. Kafin a sallame shi ta kwashe kayansu, ta kai uwarta gidanta, ta miƙa wa mai gida makulli. Wani tela ya kama ɗakunan a cikin mako guda.

Gidan 'yar yana can kudu da tsohon, kilomita uku da ɗan abu. Ɗaki aka ba su kusa da kicin, ƙofarsa tana buɗewa cikin wani ɗan fili na shanya. Tsakanin tankin ruwa da katangar maƙwabci akwai sama, ba mai yawa ba, amma sama ce. Matsalar surukinsa ne, mai gyaran wuta, wanda ya yi imani cewa duk inda duhu yake to aiki ne ba a gama ba. Ya kafa wata fitila a filin, wadda ake iya zare ƙaya a ƙarƙashinta.

"Baba, minti nawa kake so in kashe ta?" in ji surukin, kansa a ƙasa, hannunsa a kan makunnin.

"Arba'in."

"Baba, ɓarayi ai minti biyar suke buƙata."

"To ka ce musu su zo bayan na gama."

Aka daidaita a kan talatin.

Wata uku bayan faɗuwar, ya ja sandarsa ya fita filin, ya zauna a kujerar roba, ya kama tauraro ɗaya tsakanin igiyar shanya da bakin tanki. Ya danna. Da ya buɗe wayarsa zai aika, tsohuwar lambar tana nan a saman saƙon, inda take kullum. Ya daɗe yana kallonta. Saura rahoto ɗari uku da tamanin da takwas ya cika dubu goma, abin da mutum biyu ne kaɗai suka taɓa yi a tarihin ƙungiyar, kuma ɗayansu ya mutu. Sabuwar lamba na nufin ya fara daga ɗaya yana da shekara sittin da takwas da ƙarfe a ƙugu. Ya gaya wa kansa cewa ba ƙarya zai yi ba, ba zai rubuta komai ba, zai dai bar abu yadda ya same shi. Ya aika.

Matarsa ba ta san sunan tauraro ko ɗaya ba, amma ta san mijinta.

"Malam, ka gaya wa mutanen naka ka tashi?"

"Zan gaya musu."

"Yaushe?"

"In na cika."

"Wato har yanzu suna can suna zaton kana kan rufin tela."

"Kilomita uku ne. Abin nan yana sama da kilomita ɗari shida."

"To in ba komai ba ne, me ya sa ka yi wa rufin mutane jan fenti? Har sau biyu na hana yara wasa a wurin."

Ya ce mata ta bar abin da ba ta sani ba. Ta ce ai ta bari, tambaya kawai ta yi, ta ɗauki bokitinta ta shige.

Akwai wani tauraro da ƙungiyar ta fi damuwa da shi, domin masu shi ba su taɓa yarda cewa nasu ne ba. Mai-agogo yana ce masa Shiru-shiru. Kullum da yamma daga kudu yake fitowa ya nufi arewa. A cikin shekara akwai wata huɗu da sauran masu kallo, waɗanda yawancinsu suke ƙasashen sanyi, ba sa iya ganinsa, domin a wajensu inuwar duniya takan rufe shi. A watannin nan idon Mai-agogo ne kaɗai yake riƙe da shi. Wannan ne tushen maganar da yake yi cewa ana shakkarsa, kuma in an cire ƙari, akwai ɗan abin kamawa a ciki.

Ya riƙe shi wata huɗun nan cur daga filin shanya, da lambar rufin da ba ya kai. A makon ƙarshe gajimare ya rufe masa sama. Da lokacin sauran ya zagayo, suka fita da madubansu a daidai sakan ɗin da Mai-lissafi ya ba su. Babu kowa. Washegari ma babu. Saƙonni suka fara yawo: wannan ya jira minti goma, wancan ya duba gabas da hanyar, wani ya duba yamma. Da sama ta washe, Mai-agogo ya fita da kansa ya duba, taurarin nan biyu suna nan, tsakaninsu wayam. A kwana na biyar Mai-lissafi ya rubuta wa kowa layi ɗaya, cewa Shiru-shiru ya ɓace, kuma zai koma ya binciki rahotannin wata huɗun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

Rahotannin wata huɗun nan duka na mutum ɗaya ne.

Daga ranar abinci ya daina shiga. A shago ya sa wa wata mata batir a juye, abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan koyo, ta dawo ta faɗa masa maganganu a gaban mai sayar da katin waya. Takardar da ke rataye ya juya fuskarta ga bango, sannan ya ga hakan ya fi jan ido, ya mayar. Duk lokacin da wayarsa ta yi motsi sai ya kife ta a kan tebur. Ya san yadda za a yi. Mai-lissafi mutum ne da ba ya zagi, zai dai rubuto cikin ladabi ya tambaya ko akwai abin da ya canza a wurin kallo. Daga nan kowa zai sani. Kuma ba wata takwas ɗin nan kaɗai za a zubar ba, domin wanda ya yarda ya sa lambar ƙarya sau ɗari uku, wa zai rantse a kan dubu taran da suka gabata?

'Yarsa ta auna masa jini ta ga ya hau.

"Baba, me yake damunka?"

"Ba komai."

"Mama ta ce wani ƙarfe ne ya ɓata a sama."

"Uwarki ta cika magana."

"Naka ne?"

"A'a."

"Na wani wanda ka sani ne?"

"A'a."

Ta naɗe abin awon, ta ce in jinin bai sauka ba zuwa ƙarshen mako za ta ƙwace madubin ta kulle a durowar asibiti.

Sai dabara ta zo masa. In ya koma tsohon rufin, ya zauna a kan jar alamar, ya share sama da madubi kwana biyu ko uku har ya gano Shiru-shiru, rahoton zai zama na gaskiya, hanyar ta gyaru, ƙila Mai-lissafi ya bar binciken. Ranar da 'yarsa take aikin yamma ya rufe shago da wuri, ya sa madubi da agogo a jaka, ya hau mota.

Telan yana tsakar gida yana guga. Ya ji labarin Mai-agogo a bakin maƙwabta.

"Au, kai ne tsohon da ya faɗo? Sannu, Baba. Wasiƙa ce ta zo maka?"

"Rufin nake so ka ara mini. Awa ɗaya."

"Rufin da ya karya ka?"

"Tsanin ne, ba rufin ba."

"To ai tsanin ne dai har yanzu." Ya ajiye dutsen guga. "Ni ba na hana ka ba. Amma in ka sake faɗowa, me zan ce wa 'yarka? Ranar da ta zo kwashe kaya na zo duba ɗakunan, ko gaisuwata ba ta amsa ba, har yau ina jin tsoronta."

Tsanin yana jingine inda yake shekara ashirin. Mai-agogo ya ba telan sandarsa, ya rataya jakar a wuya, ya kama. Mataki na farko ya hau. Na biyu ma ya hau, da addu'a. A na uku ƙafar hagu ta ƙi tashi. Ba zafi ta yi ba, ƙi kawai ta yi, kamar ba tasa ba. Ya tsaya nan, goshinsa a jikin katako, yana jin ƙanshin fentin da shi ya shafa da hannunsa. Sama tana duhu a kansa, taurarin farko suna fitowa, lokaci yana tafiya, shi kuwa ya fi kowa sanin nawa ne yake tafiya.

"Baba, sauko," in ji telan a hankali. "Bari ni in hau in duba maka. Me zan gani?"

Ya sauko. Ya ce wa telan ya tsaya a kan jar alama ya dubi kudu, in ya ga tauraro yana tafiya ya yi magana. Telan ya haye kamar biri. Aka ji yana jan wani abu.

"Alamar tana ƙarƙashin kejin tantabaruna. In tsaya kusa da ita?"

"Tsaya."

Telan ya dudduba sama.

"Baba, taurari dai ga su nan da yawa, amma duk a tsaye suke. Ko su ma sun ji ka tashi?"

Ya koma gida a motar haya. Fitilar surukinsa tana haskaka filin shanya kamar ɗakin tiyata. Matarsa ta dubi ƙurar tsani a gaban rigarsa, ba ta tambaye shi inda ya je ba. Ta ajiye masa abinci, ta zauna a bakin gado.

"Malam, ka rubuta wa mutumin nan."

"Saura hamsin da tara."

"In ka cika, wa zai ba ka me?"

Ya ture kwanon gefe. Ta ci gaba.

"Shekara talatin da shida ban taɓa jin an ce ka sa wa agogon wani tsohon ƙarfe ka ce sabo ne ba. Yanzu da tsufanka ka zo kana ɓoye-ɓoye a kan abin da ko gaisuwa ba ya yi maka. Ni dai ka ci abincin nan, ko ka rubuta, ɗaya daga ciki. Na gaji da ɗumame."

Kwana uku ya yi yana rubutun. Ya faɗi ranar da ya faɗo, da ranar da ya fara aikawa daga filin shanya. Ya jera rahotanni ɗari uku da ashirin da tara da ya ce a soke. Ya sa surukinsa ya nemo masa ma'aunin wurin da waya, daidai inda kujerar roba take zama, ya haɗa. Ya rubuta cewa shi ne ya ɓatar da Shiru-shiru, kuma in ƙungiya ta ga ya dace ya ajiye madubi, ba zai yi musu ba. Ya goge kalmar nadama sau biyu ya mayar. Da ya aika, ya sauke takardar da ke bangon shago, ya sa ta a ƙasan durowa, ƙarƙashin madaurai.

Kwana biyu babu amsa. A na uku ta zo, yana cikin huda madauri. Ya ajiye abin hudar, ya goge tabarau, ya karanta a tsaye.

Mai-lissafi ya fara da jajen ƙugu, ya ce shi ma gwiwarsa ta dama ba tasa ba ce. Game da Shiru-shiru, ya ce kada ya damu, wata mata mai kyamara ta gano shi shekaranjiya. Masu shi ne suka kunna masa inji suka ɗaga shi sama, kamar yadda suke yi lokaci zuwa lokaci, babu hannun kowa a ciki. Sannan ya ce tunda ana faɗin gaskiya, shi ma yana da tasa.

"Shekara biyar ke nan yatsanka yana makara da kusan rabin sakan. Abu ne da yake samun kowannenmu. Ban ga amfanin gaya maka ba, sai nake cire rabin sakan daga duk abin da ka aiko kafin in sa a lissafi. Wata takwas da suka wuce na ga makarar ta tafi, na daina cirewa. Na ɗauka sabon tabarau ka yi. Yanzu na gane. Abubuwan da kake kallo da yamma daga kudu suke zuwa, kuma a rabin sakan suna cin kilomita uku da ɗan abu. Ka matsa kudu, kana ganinsu da wuri, yatsanka yana makara, biyun suka cinye juna. Rahotannin da kake so in soke su ne mafi daidai da ka aiko a shekara biyar."

A ƙasan saƙon akwai sabuwar lamba, ta filin shanya. Mai-lissafi ya ce daga rahoto na gaba zai koma cire rabin sakan ɗin.